Ma'aunin Jirgin Teku a Wurin Alhazan Ƙasa

Duk wanda ya san Mahuta da kewayenta, inda ido ba ya cin karo da komai da damina sai masara da dawa da auduga tun daga Funtuwa har Malumfashi, zai yi zaton babu abin da ya haɗa mutanen wannan ƙasa da bahasin jirgin teku. Alhali kuwa tun kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai, almajiran fiƙihu na tarar da wannan mas'ala a zaure, cikin babin hajji na Muhtasar ɗin Shehu Halilu, waɗanda kuma suka ɗauki sanda da gora suka nufi gabas sukan iske ta tana jiransu a gaɓar Bahar Maliya.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali a 1921 cikin jirgin ruwa mai inji, ya bi ta Ingila. Hanyar talaka daban ce. Yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru yana ƙwadago, sau da yawa a gonakin audugar Jazira, sana'ar da ya baro a gida, har ya tara guzurin isa Sawakin, inda kimanin kilomita 300 na ruwan gishiri suka rage tsakaninsa da Jidda. Wanda kuɗin karantina da na takardu suka gagare shi yakan zarce Musawwa ko wani lungu na gaɓa, ya shiga sambuki, jirgin katako wanda ba abin da ke tura shi sai iska, a sauke shi a Kunfuda ko Lis, a ɗaya gaɓar tekun.

Wanda zai auna sambuki da adalci sai ya fara da ruwan da aka ƙera shi dominsa. Bahar Maliya matsattse ne, gefensa biyu cike da duwatsun murjani da ke kwance dab da fuskar ruwa. A arewacinsa iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, a kudancinsa kuwa takan juya ta taso daga kudu tun daga Oktoba har wajen Mayu. Saboda haka ba a yi jirgin da zurfin gindi ba, don ya iya ratsa tsakanin duwatsu, aka ɗaura masa babban filafili a jikin wata doguwar sanda da ta karkata, tsawonta ya yi kusa da na jirgin kansa. Idan iska ta zo ta gefe, gudunsa abin sha'awa ne. Amma in an so a juya akala, sai matuƙa sun taru sun kewayo da wannan sanda mai nauyi ta ɗaya ɓangaren. In kuma hadari ya taso, ba a iya naɗe wani sashe na filafilin a rage shi, sai dai a sauke shi ɗungurungum a ɗaura ƙarami. Yawancin cikinsa a buɗe yake, raƙuman ruwa na iya cika shi, shi ya sa rayis, wato shugaban jirgi, in mai hankali ne yakan bi gaɓa da rana yana duban launin ruwa, ya jefa anka a wata mafaka kafin magariba. A tafiyar gaɓa jirgi ne nagari ƙwarai, ƙetare tsakiyar teku kuwa yana yinsa ne bisa sharaɗin lokaci da kaya.

A nan ne nake ganin fiƙihun Malikiyya ya riga mutane da yawa gane gaskiyar lamarin. Abin da Halilu ya tabbatar shi ne, hukuncin teku ɗaya ne da na tudu wajen wajabcin hajji, sai fa in halaka ta yi rinjaye, ko kuwa mutum zai tozarta rukunin salla saboda jiri da amai da makamantansu. Mace kuma an karhanta mata hawa sai in an keɓe mata wuri. Sharaɗin farko kowa zai yi tsammaninsa. Na biyu shi ne abin lura, domin ya ɗauki sukunin matafiyi, wanda 'yan kasuwa ke lissafawa cikin ƙawa, ya sanya shi a tsakiyar istiɗa'a, wato ikon zuwa hajji. Jirgin da mutum ba zai sami inda zai aza goshinsa ba, wanda makewayinsa ɗan akwati ne da aka rataya a bayan jirgi bisa ruwa a idon jama'a, wanda ake auna wa mutum ruwan sha da ɗan gwangwani cikin zafin da ke narkar da jiki, to ko da katakonsa lafiya lau yake, bai cika sharaɗi ba. Dalilin kuwa a fili yake ko ta fuskar tsira kaɗai: wanda ya kwana uku yana amai ba zai iya kwalfe ruwa ba ranar da aka buƙaci hannunsa, haka matuƙin da bai runtsa ba ba zai hango dutse ba.

Ibn Jubairu, malamin Andalus, ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin jirgin da ake kira jalba, wanda ba ƙusa a jikinsa, ɗinka allunansa ake yi da igiyar ɓawon kwakwa a shafe su da mai, don in ya gogi dutse ya lanƙwasa maimakon ya tsage. Ya fahimci hikimar ƙirar, amma abin da ya kai ƙararsa shi ne haɗamar masu jirage, waɗanda ke cusa alhazai wani kan wani don su mayar da kuɗin jirgi a sawu ɗaya. Manomin Mahuta ya san amalanken da ta yi shekara goma tana ɗaukar taki kan karye a rana guda in an ninka mata kaya, kuma ba ya zargin maƙeri.

Turawa ma, da duk lissafinsu, sai da rayuka suka salwanta suka dawo kan wannan tambaya. A gasar Fastnet ta watan Agustan 1979, jirage 303 masu filafilai suka tashi daga Ingila, guguwa ta afka musu, matuƙa 15 suka rasu. Bayan haka aka fito da wani ma'auni mai gwada faɗin jirgi da nauyinsa, wanda in sakamakonsa ya haura 2 ake ɗari-ɗari da fita da shi tsakiyar teku, domin an lura jirgi mai faɗi marar nauyi, wanda ya fi gudu kuma ya fi yalwar ɗaki, in ya kife yakan daɗe bai miƙe ba. Ma'aunin yana da amfani, ba na musun haka. Sai dai jirgin kawai yake aunawa, ba ya tambayar ko mutum nawa aka zuba a ciki, ko a wane wata aka tashi, ko wane ne ke riƙe da akala.

Sambuki ya daina ɗaukar alhazanmu, amma aibin da Ibn Jubairu ya gani yana nan. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka maƙare da mutane ya tsage a kan Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A watan Yunin 2022 kuma, a tashar Sawakin ɗin nan da kakanninmu suka sha zaman jira, wani jirgi da aka yi wa ƙiyasin tumaki 9,000 ya nutse da fiye da 15,000 a cikinsa, tun bai fita daga tashar ba.