Ba Kowane Dokta Ne Likita Ba

Sunan "dokta" ya yi araha a wurinmu. Daga Gedambaliya har kasuwar Gadarif, mai sayar da ƙwayoyi a tebur dokta ne, mai yin allura a zaure dokta ne. Cikin ikkilisiya ma akan sami mai wa'azi ya je taron mako guda, ya komo da takarda, ya ce daga yau a kira shi Rabaran Dokta. Wannan al'ada ta isa a tsawata mata, gama tana cin rayuka.

Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta mai koyarwa. Shi ya sa ikkilisiya take kiran Agustin na Hippo da Atanasiyus na Iskandariya daktocinta, alhali ba maganin jiki suka bayar ba. A yau dokta iri uku ne. Akwai likita, wanda ya yi shekara biyar ko shida a makarantar likitanci, ya yi aiki a ƙarƙashin manya, hukuma ta ba shi izinin duba marasa lafiya. Akwai wanda ya yi bincike ya sami digiri na uku a tarihi, ko noma, ko tauhidi. Shi masani ne, amma kada ka kai masa ɗanka mai zazzaɓi. Na ukun shi ne na girmamawa, kyauta ce jami'a take yi wa mutum ba tare da jarrabawa ba. Farfesa kuwa matsayi ne na aiki, jami'a ce take ɗora malami a kai bayan shekaru na koyarwa da rubuce-rubuce.

Muna da misali a gida. Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, Zariya, shi ne likita na fari daga Arewacin Nijeriya. Ishaya Audu, wanda shi ma ya tashi a Wusasa, likitan yara ne, ya zama farfesa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da guminsu suka sami sunayen nan.

Ku duba abin da ruɗun yake jawowa. Ƙasar Gadarif gidan cutar kala'azar ce, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda yake kawowa. Zazzaɓinta yakan yi makonni, saifa ta kumbura, jiki ya rame, in ba a yi magani ba kuwa yawanci mutuwa ce. Dokta na tebur zai ce zazzaɓin sauro ne, ya karɓi kuɗin riɗin da uba ya noma, ya ba da ƙwaya. Kafin a kai yaron asibiti a gwada jininsa, a fara allurar kwana 17, lokaci ya ƙure. Mu da muka ba shi sunan muna da hannu a laifin.

Bulus ya kira Luka likita domin aikinsa ke nan. Ubangijinmu kuma, cikin Matiyu sura 23, ya tsauta wa masu son gaisuwar kasuwa da manyan sunaye. Saboda haka dattawan ikkilisiya su daina sanar da baƙo da laƙabin da ba su tabbatar ba. Ku iyaye kuma, kafin ku miƙa hannun yaro a soka masa allura, ku tambaya a ina mutumin ya yi karatu, wa kuma ya ba shi izini. Tambaya ba raini ba ce, likita na gaskiya ba zai ji haushinta ba. Ubangiji ya ba mu hikima.