3.4 Sharhi Kan Riba da Asarar Samar da Lantarki Daga Cika da Janyewar Teku

Masu goyon bayan wannan hanya sukan kafa hujja da tashar La Rance ta ƙasar Faransa, wadda aka buɗe a 1966. Tashar tana da injuna 24 masu ƙarfin megawat 240, kuma ba a sayen mai ko gawayi domin tafiyar da ita. Bugu da ƙari, ana iya sanin lokacin cika da janyewar teku tun shekaru kafin ya zo.

Sai dai wannan hujja tana da rauni. Kaso mai yawa na kuɗin aikin ana kashe shi ne wajen gina madatsa, alhali ribar ba ta fitowa sai bayan shekaru masu yawa. Tsadar aiki ce ta sa gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da shirin Swansea a 2018, wanda aka ƙiyasta zai ci fam biliyan 1.3. Ita kuwa tashar Sihwa ta Koriya ta Kudu, wadda ta fara aiki a 2011, an ɗora ta ne a kan madatsar da aka riga aka gina, don haka ba za ta zama ma'auni ba.

Haka nan, lissafin riba yakan tsallake asarar masunta da taruwar laka a bakin kogi. Ke nan, hukuncin ya dogara ne ga yawan shekarun da aka lissafa, da kuma wanda asarar ta faɗa wa.