Jigon Komawa Gida a Littafin Shaihu Umar

Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin R. M. East, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne wanda manazarta suka fi ɗaura wa jigon bauta. Ba a musun wannan. Amma idan aka bi warwarar labarin a tsanake, za a ga cewa bauta hanya ce kawai da marubucin ya bi, abin da ke jan zaren labarin kuwa shi ne rabuwa da asali da neman komawa gare shi.

Kowane babban ɗan wasa a littafin an raba shi da gida. Makau, mijin uwar Umar, makircin fadawa ya kore shi daga Kagara, ya ƙare a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Waɗannan garuruwa biyu na ƙasar Zazzau ne. Ƙaramar tafiya ce ta haifi babbar rabuwa. Daga Kano Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da Umar zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi tamkar ɗansa, har ya zama malami.

A nan ne littafin ya rabu gida biyu, kuma rabon bai zo daidai ba. Ɗan ya sami ilmi da daraja a baƙuwar ƙasa. Uwar da ta fita nemansa da ƙafarta an yaudare ta, an sayar da ita, baƙin ciki ya cinye ta, ta rame, ciwo ya kwantar da ita. Sa'ad da Umar ya yi mafarkinta ya taso, ya same ta ne a bakin ajali, ganinsa ke da wuya ta cika. Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a littafin, domin marubucin bai ƙawata shi ba. Sai dai akwai rauni: tun da Umar ne ke ba ɗalibansa labari da bakinsa, ciwon uwar yana iso wa mai karatu a taƙaice, an riga an lulluɓe shi da haƙuri da ƙaddara. Abdulkarim, wanda ya karɓi yaron daga hannun masu cinikin bayi, ba a tuhume shi ko sau ɗaya ba. Mai karatu na da damar tambaya ko natsuwar malamin ce ta jawo haka, ko kuwa taka-tsantsan ɗin malamin makaranta mai rubuta wa hukumar Turawa.

Komawar ma ba ta cika ba. Guguwar rairayi ta halaka ayarin, har da Abdulkarim, Umar ya tsira shi kaɗai. Bai koma Kagara ya zauna ba, sai Rauta ta ƙasar Bauci, inda ba shi da dangi sai almajirai. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. A dandamali da majigi 'yan kallo ke ganin ramewar uwar da idonsu.