Bashin Suna: Ƴan Kallo da Zango na Biyu na True Detective

Suna mai kyau dukiya ne, amma dukiya ce mai jawo bashi. Mai tuwon da aka yaba wa miyarta jiya, yau za ta tarar da mutane a bakin rumfarta, kowa da kwanonsa, kowa kuma da ɗanɗanon jiya a bakinsa. In miyar yau ta kasa, da tata ta jiya za a auna ta, ba wanda zai tuna da ta maƙwabciya. Abin da ya sami wani wasan talabijin na ƙasar Amurka ke nan, mai suna True Detective, watau ɗan sandan ciki na ainihi, sa'ad da tashar HBO ta fito da zangonsa na biyu a shekarar 2015.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda aka tsara wasan. Yawancin wasannin talabijin sukan bi mutane ɗaya shekara da shekaru. Wannan kuwa kowane zango labari ne mai zaman kansa, da sabon gari, da sababbin ƴan wasa, da sabon laifi. Sunan wasan da marubucinsa, Nic Pizzolatto, su ne suka ƙetara daga zango na fari zuwa na biyu. An sanar da haka tun da wuri. Duk da haka, da zango na biyu ya fito, ƴan kallo da yawa suka ji kamar an ci amanarsu.

Zango na fari ya soma a watan Janairu na 2014. Labarin ƴan sandan ciki biyu ne a jihar Luwiziyana, Rust Cohle da Marty Hart, waɗanda Matthew McConaughey da Woody Harrelson suka fito a matsayinsu. A shekarar 1995 aka tsinci gawar wata mace, Dora Lange, a gonar rake, an ɗaure ta, an ɗora mata ƙahon barewa a ka. Binciken ya ja su shekara 17, ya raba su, ya sake haɗa su a 2012. Darekta ɗaya, Cary Fukunaga, shi ya ja ragamar dukan kashi 8, ya kuwa sami lambar Emmy saboda aikin. A kashi na huɗu akwai wani wuri na minti 6 da aka ɗauka ba tare da an yanke hoton ba ko sau ɗaya, mutane suka yi ta zancensa. A daren kashi na ƙarshe, cikin watan Maris, masu neman kallo ta intanet suka yi yawa har hanyar HBO ta tsaya cik. Wannan shi ne ɗanɗanon da aka zo da shi a baki.

Zango na biyu ya soma ran 21 ga Yuni na 2015, ya ƙare ran 9 ga Agusta. Sama da mutum miliyan 3 suka kalli kashin farko a darensa, alhali kashin farko na zango na fari mutum miliyan 2.3 ne. Suna ne ya tara wannan jama'a, gama ba wanda ya riga ya ga abin da ke cikin tukunya.

Labarin ya koma jihar Kalifoniya, wani ƙaramin gari na masana'antu kusa da Los Anjeles, wanda aka laƙaba wa suna Vinci. An tsinci gawar manajan garin, Ben Caspere, a bakin hanya, an ƙone masa idanu da ruwan batir. Ma'aikata uku daga hukumomi uku aka haɗa a kan binciken. Akwai Ray Velcoro (Colin Farrell), ɗan sandan Vinci, mashayi mai cin hanci, wanda ya taɓa kashe mutumin da aka gaya masa shi ne ya yi wa matarsa fyaɗe, yana kuma tsoron kada a raba shi da ɗansa. Akwai Ani Bezzerides (Rachel McAdams), wadda aka cuta tun tana yarinya, ba ta fita sai da wuƙaƙe a jikinta. Akwai Paul Woodrugh (Taylor Kitsch), tsohon soja mai sintiri a kan babur, wanda yake ɓoye wa kowa cewa zuciyarsa ga maza take. Na huɗunsu kuwa Frank Semyon ne (Vince Vaughn), mai gidan caca da ke neman barin harkar ɓarna ya zama attajirin kirki. Ya damƙa wa Caspere dala miliyan 5 domin a saya masa fili a gefen hanyar jirgin ƙasa mai tsananin gudu da za a shimfiɗa, sai ga Caspere ya mutu, kuɗi kuma suka yi ɓatan dabo.

Kukan ƴan kallo ya kasu gida biyu, wajibi ne kuwa a raba su, gama ba nauyinsu ɗaya ba.

Kuka na fari shi ne, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ina Rust Cohle da maganganunsa masu ɗaure kai? Ina fadamun Luwiziyana, da tsofaffin gine-ginen da ciyawa ta cinye, da ƙishin-ƙishin na tsafi? Wannan kuka ba shi da adalci sosai. Wanda ya ce zai ba da sabon labari kowace shekara, in ya maimaita na bara ya karya alkawarinsa. Har ma akwai ƙarfin hali cikin abin da Pizzolatto ya zaɓa. A zango na fari, mugunta tana da fuska, mutum guda mai tabo, a ɓoye cikin daji. A na biyu kuwa tana zaune a ofis, tana sa hannu a takardar fili, tana yanka ƙyallen buɗe sabon aiki. Ba ƙage ba ne tsantsa. An ɗauko siffar Vinci daga wani gari na gaske mai suna Vernon, wanda ƙidayar 2010 ta sami mutum 112 kaɗai suna kwana a cikinsa, alhali dubban ma'aikata ke shiga masana'antunsa kowace safiya. A 2009 kotu ta kama magajin garin, Leonis Malburg, wanda ya yi shekaru masu yawa a kan kujera, da laifin maguɗin zaɓe. Hanyar jirgin ma ta gaske ce: a 2008 masu zaɓe na Kalifoniya suka amince a ciwo bashin kusan dala biliyan 10 dominta. Marubucin da ya kalli waɗannan ya ga labari a ciki bai yi kuskure ba.

Kuka na biyu shi ne mai tushe. Mutane suka ce sun ɓace cikin labarin, ba su san wane ne wane ba. Kafin a kai ƙarshe, sai da mujallar Slate ta rubuta dogon bayani domin ta warware wa masu kallo abin da suka riga suka gani da idanunsu. Waɗansu suka kare wasan, suka ce labarin ƴan sandan ciki dama da ruɗani aka san shi, rago ne kawai ke gunaguni. Amma ƴan kallon nan su ne waɗanda bara suka bi labari mai tsalle tsakanin 1995 da 2002 da 2012 ba su ɓace ba, har suka je suka nemo wani tsohon littafi na 1895, The King in Yellow, domin an ambaci abin da ke cikinsa. Ba ragwaye ba ne. Abin da ya gajiyar da su yana cikin wasan kansa, a wurare uku.

Na ɗaya, gawar ba ta da mai kuka. Dora Lange matalauciya ce wadda duniya ta yar, a bayanta kuma akwai yara da mata da suka ɓace ba wanda ya neme su. Mai kallo yana so a kama wanda ya yi wannan. Caspere kuwa tsohon azzalumi ne, ko waɗanda ke binciken mutuwarsa ba su damu da shi ba. Abin takaici shi ne, akwai masu ban tausayi a labarin, amma an binne su. A lokacin tarzomar Los Anjeles ta 1992, waɗansu ƴan sanda suka fasa shagon masu sayar da lu'ulu'u, suka kashe mai shagon da matarsa, yaransu biyu suna ɓoye suna gani. Da dukiyar nan ɓarayin suka sayi muƙamai a Vinci, Caspere yana cikin waɗanda suka amfana. Yaron nan ne, Leonard, ya girma ya kashe shi. Wannan ita ce zuciyar labarin, ba a kuwa bar ta ta buga ba sai a ƙarshe-ƙarshe, bayan an cika kunnen mai kallo da sunayen kamfanoni da dillalai da ƴan siyasa waɗanda yawancinsu a baki kawai ake jinsu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Gwadawa ɗaya ta isa ta nuna bambancin. A zango na fari, mai kisan ya bayyana a kashi na uku, yana yankan ciyawa a harabar wata makarantar da aka rufe, Rust ya yi magana da shi ya wuce. Da aka sake nuna shi a ƙarshen kashi na bakwai, tsigar jikin ƴan kallo ta tashi, gama sun yi makonni ana neman mai tabo a fuska. A zango na biyu ma an nuna mai kisan a kashi na uku, yana ɗaukar hoto a wurin da ake shirya wani fim. Dabara ɗaya ce. Amma da asirinsa ya tonu, tambayar da mutane da yawa suka yi ita ce, wane ne wannan? Ba a taɓa sa su neme shi ba.

Na biyu, mutum huɗun nan duka murya ɗaya gare su. Rust yana faɗin maganganu masu nauyi a kan rashin amfanin rayuwa, amma Marty na zaune kusa da shi a mota, yana harararsa, yana roƙonsa ya yi shiru. Marty shi ne wakilin mai kallo, shi ya sa ake iya haɗiye maganar Rust, har a yi dariya. A zango na biyu kowa Rust ne, ba Marty ko ɗaya. Ray da Frank sukan zauna a mashaya mai duhu, wata mawaƙiya tana rera waƙar baƙin ciki, wannan ya jefa magana mai nauyi, wancan ya mayar da wadda ta fi ta. A farkon kashi na biyu Frank yana kwance yana kallon tabon ruwa a rufin ɗaki, yana ba matarsa labarin yadda ubansa ya kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana yaro, cikin duhu da ɓeraye. Labari ne mai ban tausayi, amma ya zo kafin a san Frank, aka kuwa mai da shi abin ba'a. An ɗora wa Vince Vaughn laifi, ana cewa ɗan wasan barkwanci ne, rigar ta yi masa yawa. Laifin rubutun ya fi nasa, gama kalmomin da aka sa a bakinsa ba na mai gidan caca ba ne, na marubuci ne.

Na uku, ba ido ɗaya ya duba aikin ba. Fukunaga bai komo kujerar darekta ba. Justin Lin ya yi kashi biyu na fari, sauran aka raba wa waɗansu daraktoci biyar. Marubuci ya zama shi kaɗai ne mai riƙe da zaren daga farko har ƙarshe, ba abokin aiki na dindindin da zai ce masa wannan wuri ya yi tsawo.

Duk da haka, wanda ya ce ba kome cikin zangon ya yi gaggawar hukunci. Colin Farrell ya yi aikin da ko masu suka suka yaba. Ƙarshen Ray yana da ciwo na gaske: da ya wuce abinsa da ya tsira, amma ya ratse zuwa makaranta domin ya hangi ɗansa sau ɗaya ta bayan shinge, a nan aka gano motarsa. Ya mutu cikin daji, saƙon muryar da ya ɗauka wa yaron bai tafi ba, bai kuma san gwajin jini ya tabbatar da cewa ɗan nasa ne ba. Paul ya mutu, Frank ya mutu a hamada, azzalumai kuwa suka buɗe aikin jirginsu ana tafa musu. Ani ce ta tsere zuwa Benezuwela, ta miƙa wa ɗan jarida takardun shaida. Ƙarshen nan ya fi na zango na fari ɗaci, ya kuma fi shi kama da yadda irin waɗannan al'amura sukan ƙare. Shi ya sa bayan shekaru waɗansu da suka sake kallonsa a jere, ba jiran mako-mako, suka sassauta hukuncinsu.

Amma sassauci bai wanke tashar ba. A watan Janairu na 2016, Michael Lombardo, shugaban shirye-shiryen HBO na lokacin, ya ɗauki laifin a kansa cikin wata hira ta rediyo. Ya nuna cewa ya matsa wa marubucin ya kawo sabon labari domin a cika ranar da aka tsayar, maimakon a bar rubutun ya nuna. HBO ta karɓi zango na fari tun 2012, daga hannun mutumin da ya daɗe yana juya labarin a ransa. Tsakanin ƙarshen na fari da farkon na biyu kuwa wata 15 ne kawai, cikinsu aka yi rubutu, aka nemi ƴan wasa, aka ɗauki hoto. Sauri ya haifi nawa: zango na uku, wanda Mahershala Ali ya ja, bai fito ba sai Janairu na 2019, na huɗu kuma, wanda Issa López ta rubuta, Jodie Foster da Kali Reis suka ja, sai 2024.

Ƴan kallon da suka nemi a dawo musu da Luwiziyana sun nemi abin da ba a yi musu alkawarinsa ba. Amma waɗanda suka nemi labarin da aka dafa har ya nuna, hakkinsu suka nema, gama da sunan True Detective aka kira su, da shi kuma aka karɓi kuɗinsu da sa'o'insu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.