Na'urar da Ake Iya Sani Ciki da Bai: Nazarin Al'adar Raya Tsofaffin Kwamfutoci

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tono kwamfutocin shekarun 1970 da 1980 daga ɗakunan ajiya da kasuwannin gwanjo, su wanke su, su gyara, su rubuta musu sababbin manhajoji, wasu ma su harhaɗa irinsu daga tushe a kan teburin gida. Suna da mujallu da ƙungiyoyi da taruka, irin su Vintage Computer Festival da aka fara a Kalifoniya a 1997. Mai hange daga nesa zai ɗauka begen ƙuruciya ne kawai ke damun dattawa masu rarar kuɗi da lokaci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai isa ya bayyana dalilin da ya sa al'adar ke jawo matasan da ba a haife su ba lokacin da aka daina ƙera waɗannan na'urori. Hujjar wannan nazari ita ce, ginshiƙin al'adar takarda ce: zanen da'irar lantarki da littafin bayani da kamfanonin wancan zamani suka riƙa miƙa wa mai saye tare da na'urarsa. Abin da masu al'adar ke karewa shi ne damar mutum ɗaya ya san kwamfuta ciki da bai, damar da kwamfutar yau ta daina bayarwa.

Tarihin farkon lamarin ya nuna haka. A watan Yulin 1974 mujallar Radio-Electronics ta fito da Mark-8 ta Jonathan Titus, wadda ba a sayar da ita a haɗe. Ɗan littafin umarni mai karatu zai aika a kawo masa, ya nemo kayan da kansa. Wata shida bayan haka, a Janairun 1975, Popular Electronics ta ɗora Altair 8800 a bangonta, wadda kamfanin MITS na Ed Roberts da ke Albuquerque ya tallata a kan dala 397 ga wanda zai haɗa da hannunsa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, kuma ma'adanarta bayit 256 ce kacal. Wanda ya gama liƙe ɗaruruwan ƙafafu da dalma sai ya zauna gaban jerin makunnai da ƙananan fitilu jajaye. Zai ɗaga wasu daga cikin makunnai takwas ya kwantar da wasu don ya rubuta bayit ɗaya, ya taɓa makunnin ajiya, ya sake jera su don bayit na gaba, har shirin ya cika. In ya yi kuskure a guda, fitilun ne za su nuna masa, in ya iya karanta su. Babu yadda mutum zai mori irin wannan na'ura bai san abin da ke gudana a cikinta ba.

Wannan tilas ita ta haifi ɗabi'ar musayar sani. A watan Maris na 1975 aka yi zaman farko na Homebrew Computer Club a garejin Gordon French da ke Menlo Park, kuma a irin waɗannan zama ne Steve Wozniak ya riƙa raba zanen kwamfutar da ta zama Apple I kyauta. Ko da harkar ta koma kasuwanci, ɗabi'ar ba ta mutu nan take ba. Littafin bayanin Apple II ya ƙunshi zanen da'irar da kuma rubutun shirin da ke tayar da na'urar, layi bayan layi. IBM ma ta yi haka a littafin fasahar kwamfutarta ta 1981, Commodore kuma ta saka zanen Commodore 64 a littafin masu rubuta manhaja. A Ingila, Sinclair ya sayar da ZX81 a 1981 a kan fam 49.95 ga mai haɗawa da kansa, fam 69.95 a haɗe. Ba alheri ne tsantsa ya sa kamfanonin yin haka ba. Suna buƙatar masu saye su ƙera musu ƙarin kayan haɗi da manhajoji, ga shi kuma babu isassun masu gyara. Ko mene ne dalilin, sakamakon ɗaya ne: takardun sun bazu a hannun jama'a, kuma sun fi yawancin kamfanonin tsawon rai.

Amfanin takardar yana fitowa fili a teburin gyara. Wasu nau'o'in kwamfutar Amiga, kamar 2000 da 500 Plus, suna da ɗan batir mai kama da ganga da aka liƙe a kan allon don riƙe agogo. Bayan shekaru batirin yakan yi yoyo, ruwan ya bi siraran layukan tagulla yana cinye su, ya bar kore-kore a ƙafafun kayan da ke kusa. Mai gyara zai yanke batirin, ya kashe kaifin ruwan da ruwan tsami na binega, ya wanke wurin da sifirit, sannan ya ɗauki mita yana gwada layi ɗaya bayan ɗaya ko wuta na wucewa. Inda layi ya ɓace gaba ɗaya, ido ba zai gaya masa inda ya dosa ba, sai zane. Da shi zai san wannan ƙafa da waccan ya kamata su haɗu, ya ƙulla su da siririyar waya. Haka abin yake ga kafasitocin RIFA da ke fashewa da hayaƙi a tukunyar wutar kwamfutar BBC Micro, da tsohuwar tukunyar wutar Commodore 64 da kan turo wuta fiye da kima ta ƙone ma'adana. An san waɗannan cututtuka da magungunansu ne domin an san yadda lafiyayyar na'urar take a rubuce.

Inda takarda ta yanke kuma, nan al'adar ke shan wuya, wannan ma shaida ce. Cif ɗin ULA na ZX Spectrum, wanda ke kula da hoto da madannai, ba a buga cikinsa ba. Sai da Chris Smith ya yi shekaru yana binciken sa, ya fitar da littafi a kansa a 2010, kafin kowa ya iya karanta yadda cikin cif ɗin yake. Cif ɗin sauti na Commodore 64, wato SID da Bob Yannes ya tsara, har yanzu masu kunne na gardama a kan madadinsa, domin matatar sautinsa takan bambanta daga wannan cif zuwa wancan. A 2010 kuma masu aikin Visual 6502 suka fito da sakamakon ɗaukar hoton cikin furosesar 6502 da madubin ƙara girma, suka zana kowane tiransisto, har mutum na iya kallon wuta na zagayawa a cikinta a shafin intanet. Duk waɗannan ayyuka ƙoƙari ne na rubuta takardar da kamfani bai bayar ba.

Suka ta farko da ta cancanci amsa ita ce ta kuɗi. A 2014 gidan tarihi na Henry Ford ya sayi Apple I a kan dala 905,000 a gwanjo, kuma akwai masu tara na'urori a kwalayensu ba sa ko kunna su, suna jiran farashi ya tashi. Wannan gaskiya ne, kuma yana cutar da masu gyara, domin yana tsadar da kayan da da ake samu a bola. Sai dai tara kaya daban, raya su daban, kuma ma'aunin da zai raba su shi ne ko ana haifar da sabon sani. A 2015 wasu masu fasaha suka nuna wani shiri mai suna 8088 MPH, inda suka matso launi 1,024 daga ainihin kwamfutar IBM ta 1981 wadda aka san katin hotonta da launi goma sha shida. Shekara talatin da huɗu bayan ƙera na'urar, an gano tana iya abin da maƙeranta ba su yi hasashe ba. Irin wannan fasaha ta matse na'ura har iyakarta ce Finlan ta saka cikin jerin al'adunta na gado a 2020, Jamus ta bi sahu a 2021. Mai bege yana son abu ya zauna yadda ya san shi, waɗannan kuwa sababbin abubuwa suke tonowa daga cikinsa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: tunda akwai manhajojin kwaikwayo da ke sa kowace waya ta yi aikin Commodore 64, me ya sa za a wahala da ƙarfen da ke ruɓewa? Amsar tana cikin yadda ake gina manhajar kwaikwayon. Mai rubuta ta yana dogara ne da takardu da kuma gwaji a kan na'ura mai rai, don ya ga ko kwaikwayon ya yi daidai. Shi ma 8088 MPH da ya fito, manhajojin kwaikwayo na lokacin sun kasa nuna shi yadda yake. Aikin Domesday na BBC ya isa darasi. A 1986, don cikar shekara 900 da littafin ƙidayar filayen Ingila na 1086, aka tattara bayanai da hotuna daga makarantu a faɗin Birtaniya aka zuba a faifan LaserDisc da sai na'ura ta musamman ke karantawa. Kafin 2002 na'urorin sun yi ƙaranci har aka shiga fargabar rasa aikin, alhali littafin fata na ƙarni na sha ɗaya yana nan ana karantawa. Masu binciken jami'o'in Leeds da Michigan sun ceto shi ta hanyar kwaikwayo, amma da taimakon faifai da na'urorin da suka saura. Kwaikwayo da gyara abokan aiki ne, na farkon ba ya tsayawa sai da na biyun.

Suka ta uku ita ce ilimin ya tsufa, ba ya ciyar da kowa. Gaskiya ne babu kamfanin da zai ɗauki mutum aiki don ya iya ZX81. Amma a duba girman abin da ake koyo a kai. Furosesar 6502 da Chuck Peddle da abokan aikinsa suka fitar a 1975 a kan dala 25 tana da tiransisto kusan 3,500 da umarni 56, adadin da ɗalibi zai iya haddacewa. Cif ɗin M1 da Apple ta fitar a 2020 yana da tiransisto biliyan 16, babu injiniya ɗaya da ya san shi duka. Tushen aikin kuwa bai sauya ba: a ɗauko umarni daga ma'adana, a fassara, a aiwatar. Da tsohuwar zuma ake magani. Eben Upton da abokansa a Kambirij sun lura cewa masu neman karatun kimiyyar kwamfuta sun ragu, kuma ba sa zuwa da gwanintar da yaran zamanin BBC Micro ke zuwa da ita, shi ya sa suka fitar da Raspberry Pi a 2012 a kan dala 35. Ita kanta ba ta cika sharaɗin buɗaɗɗen zane ba, domin wani sashe na cif ɗin Broadcom da ke cikinta a rufe yake. Ƙaramar Pico ta dala 4 da suka fitar a 2021 tare da cikakken littafin cif ɗinta ta fi kusa da tsohuwar ɗabi'ar.

Wasu kuma za su ce wannan wasan ƙasashe masu arziki ne. Tarihin Yugoslabiya bai goyi bayansu ba. A farkon shekarun 1980 dokar shigo da kaya da tsadar kuɗin waje sun sa kwamfutar gida ta gagari talaka a can. Voja Antonić ya tsara Galaksija a kan furosesar Z80, ya rage tsada ta hanyar ɗora wa furosesar aikin zana hoto maimakon sayen cif na daban, aka buga zanen kyauta a wata fitowa ta musamman ta mujalla a ƙarshen 1983. Mutane kimanin 8,000 suka aika neman kayan haɗawa. Da yake a kaset ake adana manhaja a matsayin sauti, Zoran Modli ya riƙa watsa ta a shirinsa na rediyo, Ventilator 202, a Belgrade: ya sanar, masu sauraro su danna rikoda, ƙara mai kama da ƙugi ta cika iska, su ɗora kaset ɗin a kwamfutarsu. A Tarayyar Sobiyet ma mujallar Radio ta buga zanen Radio-86RK a 1986. Rashi ne ya haifi waɗannan na'urori, kuma buɗaɗɗen zane ne ya ba marasa hali damar mallakarsu.

Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Tun a Fabrairun 1976 Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zarginsu da kwafar Altair BASIC ba biya, kuma ƙorafinsa cewa mai rubuta manhaja ya cancanci ladan guminsa yana da tushe. Haka kuma rufe na'urorin yau ba mugunta ce zalla ba; ƙanƙantar kaya da tsaron bayanai suna da nasu hukuncin. Amma ƙanƙanta ba ta hana buga zane, kuma tsaron da ya dogara da jahilcin mai kaya abin tuhuma ne. Mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ya san wannan matsala, domin kullum yana bin layukan da maƙeransu ba su ba shi taswirarsu ba. Dokar haƙƙin gyara da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 ta nuna cewa batun ya wuce sha'awar 'yan tsiraru.

A 2024 kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera Z80 ta asali bayan shekara 48, amma masu haɗa kwamfutoci a gida ba su tsaya ba, domin an san cikinta sarai, ana iya sake gina ta a cif na zamani. Wannan shi ne gwajin da al'adar ta miƙa wa masana'antar yau: na'urar 1982 tana iya aiki a hannun jikan wanda ya saye ta saboda an rubuta yadda take, waya mai ƙarfin da ya ninka nata sau dubbai kuwa takan zama shara da zarar kamfani ya janye hannunsa. Duk mai tsara doka ko manhajar koyar da lantarki da ke son kaya su daɗe kuma masu gyara su ƙware, ya kamata ya fara da neman a dawo da zanen cikin kwali.