Inda Kuɗin Wakafi Ke Kwana

A watan Janairun 2007 jaridar Los Angeles Times ta tona wani abu game da Gidauniyar Bill Gates. A lokacin tana zuba maƙudan kuɗi wajen rigakafin shan inna da ƙyanda, alhali wani kaso na dukiyarta na juyawa a kamfanonin mai irin su Eni da Shell, masu ƙona iskar gas a Neja Delta, inda hayaƙin ke cutar da yaran da ake yi wa allurar. Bayan shekara goma Gidauniyar Ford ta ware dalar Amurka biliyan 1 don sanyawa a harkokin da suka dace da manufarta.

Mu ma muna da asusun da ba a cin uwarsa. Tun da Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, aka san wakafi: a riƙe asali, a rabar da amfani. Sai dai tantancewarmu gajera ce. In dai babu kuɗin ruwa, babu giya, babu caca, kwamiti ya gamsu. Bankin Jaiz da ya buɗe a 2012, da sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya na 2017, sun sauƙaƙa wannan ɓangaren. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne: wuyan wa ribar ta taka kafin ta iso?

A ɗauki bakin tafkin Kainji. Madatsar da aka kammala a 1968 ta tashi mutum sama da 40,000, ciki har da Gungawa da ruwa ya cinye tsibiransu. Yau in kwamitin masallaci ko ƙungiyar ci gaban gari a Yauri, Ngaski ko Shanga na da kuɗin marayu a hannu, hanyar riba mafi sauri a fili take. A sayi shanshera da gero da kaka, lokacin da bashi ya matsa wa manomi, a kulle a sito, a fito da su tsakiyar damina da farashi ya hau. Daga ribar a saya wa zawarawa tiya bibbiyu, a ɗauki hoto. Waɗanda tsadar ta fi ƙona su ne waɗanda suka yi layin karɓa.

Kamun kifi ma haka ne. Mai jari ya ba masunci taru da inji bashi, da sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa kifin, a farashin da ya yanka. Ko ya sa kuɗi a tarun dala, mai kwashe har 'ya'yan kifi, wanda aka haramta a tafkin a shekarun 1990, zamanin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus. Jirgin fito kuwa ribarsa na cikin lodi, kuma ba a manta jirgin da ya kife kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, ɗauke da mutum sama da 150, kaɗan suka tsira. Zinariyar da ake haƙa a yankin ma tana jan ido; amma Zamfara ta rasa ɗaruruwan yara a 2010 saboda gubar dalma daga haƙar zinariya.

Akwai wata hanya. Asusun zai iya gina rumbun albasa da manomi zai ajiye tasa ya biya haya kaɗan, ko murhun banda mai cin itace kaɗan, ko jirgin da ba ya tashi sai kowa ya sa rigar kariya. Ribar ba za ta kai ta ɓoyon hatsi ba, nan ne gizo ke saƙa, domin fiƙihu ya ɗora wa mai riƙon dukiyar maraya ya kiyaye ta, ya nema mata ƙaruwa. A ganina mafita tana hannun mai bayar da wakafin, tunda sharaɗinsa abin bi ne. Ya sa a rubuta a takardar, gaban shaidu, sana'o'in da bai yarda kuɗinsa su shiga ba, ko da asusun zai yi jinkirin girma.