Akushi, Aikin Gizago da Wuta

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Bichi, gona na manne da gona, babu wani daji da mutum zai shiga ya sari ice yadda ya ga dama. Kowace bishiya da mai ita. Saboda haka masassaƙi a nan, kafin ya ɗaga gatari, sai ya yi ciniki da mai gona, kuma sai ya san abin da kowane ice zai iya ɗauka. Ƙirya mai tauri ce, ita ake nema don turmi da taɓarya. Aduwa ta allon almajirai ce. Danya kuwa, da yake tana da laushin sara, ita ce ta akushi.

Akushin ne ya fi burge ni, domin daga gungume ɗaya ake fid da shi, ba ƙusa, ba gam, ba haɗi. Da gatari ake fara rage gungumen har ya ɗauki siffa. Daga nan sai gizago. Masassaƙi zai zauna ƙasa, ya tokare icen da ƙafa, yana sara yana juyawa, ɓawo na faɗuwa gefensa sirara-sirara. Wuyar aikin tana wajen rarake ciki. Dole kaurin bango ya zo ɗaya ko'ina, don in wani gefe ya fi wani, icen ba zai bushe tare ba, sai ya tsage. Masassaƙin ba shi da ma'auni. Yatsu biyu yake sawa, ɗaya ciki ɗaya waje, ya matsa, ya ƙwanƙwasa ya saurari amo. Sara guda in ya zarce, an yi asarar ice da wuni, domin abin da gizago ya cire ba ya komawa.

Ado kuma na wuta ne. Ƙarfe ake gasawa a garwashi har ya yi ja, a bi jikin akushin da shi, yana ƙauri yana hayaƙi, har farin ice ya koma baƙi wuluk. Sannan a ja layuka kewaye da baki, a jera 'yan kusurwoyi kamar haƙoran zarto. Duba da kyau inda zanen ya zagayo ya haɗu da mafarinsa: wurin gwani ba za ka gane inda ya soma ba. Daga ƙarshe a shafe shi da mai, ya yi sheƙi, ya kuma daina shan miya.

A birni yanzu kafintoci na da zarton lantarki mai siririn baki, suna yanka furanni a kan gado da ƙofa, kuma aikin na da kyau. Sai dai su zane suke bi a kan katakon da inji ya riga ya daidaita. Masassaƙin ƙauye siffar tana kansa ne, tun icen na kwance da ɓawonsa.

Kwanon sha da roba da kula sun janye masu saye, matasa kuma ba su cika zama koyon sana'ar iyaye ba. Duk da haka tuwon dawa a akushi, an rufe da faifai, yana jimawa bai huce ba, kuma in ana shafa masa mai, jika ma zai ci a cikinsa. In ka shiga kasuwar Dambatta ran Lahadi, ko Kasuwar Kurmi a Kano, ka nemi masu kayan sassaƙa. Ka ɗaga akushi, ka shafa bangonsa, kuma don Allah kada ka taya shi da kuɗin roba.